Allon da Ba Ya Faɗin Komai Sai C

Bayan isha'i ɗan ƙanwata ya yi sallama a ƙofar ɗakin aikina, riƙe da wani abu a naɗe cikin leda. Ya kwance ya ajiye a kan tebur. BeagleBone Black ne, allon kwamfuta ɗan ƙarami da bai fi tafin hannu ba, wanda na haɗa tun 2019 don ya riƙa rubuta ƙarfin wutar batiran da ke jan famfon burtsatsen unguwarsu. Shekaru ya yi a cikin akwatin ƙarfe yana aikinsa, rani da damina, ba wanda ya tuna da shi.

"Kawu, ya ƙi tashi," in ji shi. "Tsohon memorin ya fara gardama, yau ya rubuta gobe ya ƙi. Na sayo sabo na kwafe komai a kai, amma ko motsi."

Allo irin wannan ba shi da fuskar da za ka duba. Idan ya ƙi tashi, shuɗiyar fitilar wuta kaɗai za ka gani a kunne, sauran huɗun da ke ƙiftawa in yana aiki duk a mace. Hanyar jin ta bakinsa ita ce wasu 'yan ƙusoshi shida da ke jere a kansa. Na jona wayar siriyal a uku daga cikinsu, ta ƙasa da ta aikawa da ta karɓa, na buɗe taga a laftof ɗin yaron a kan saurin 115200, muka ba allon wuta.

CCCCCCCC

Ya ɗan yi shiru, ya sake jero wasu. Yaron ya dube ni yana jiran in ce a je a sayo wani allon. Ni kuwa hankalina ya kwanta, domin mataccen allo ba ya rubuta ko ɗigo.

Zuciyar wannan allo furosesa ce mai suna AM335x, ta kamfanin Texas Instruments, wadda ta fito a 2011. A cikinta akwai wani ɗan shiri da aka dasa tun a masana'anta, ana ce masa ROM, ba ya gogewa, ba a kuma iya gyara masa ko harafi. Shi ne ke fara farkawa da zarar wuta ta shiga. Bai san Linux ba. Ko babbar ma'ajiyar allon mai megabayit 512 ba ta farka ba tukuna a wannan lokacin. Aikinsa ɗaya ne: ya nemo wani ƙaramin fayil mai suna MLO, ya zuba shi a 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesar, wadda wurin da ta tanada don haka bai fi kilobayit 100 da 'yan kai ba. MLO ya tada babbar ma'ajiya ya ɗauko U-Boot, shi kuma U-Boot ya ɗauko Linux. Saƙo ne ake miƙawa hannu zuwa hannu, kowane hannu ya fi na bayansa ƙarfi da wayo.

ROM yana da jerin ƙofofin da yake ƙwanƙwasawa. Ya fara da ma'ajiyar eMMC da ke manne a jikin allon, wadda na share tun farko don allon ya riƙa tashi daga kati kawai. Sai katin memori. In bai samu komai ba sai ya koma ga wayar siriyal, sannan USB. Harafin nan na C na wata tsohuwar hanyar aika fayil ta waya ne, XMODEM, wadda Ward Christensen ya ƙirƙiro a 1977. A sigarta da ta zo daga baya, mai karɓa yana aika C don ya ce a shirye yake, a turo. Ashe allon magana yake yi, kuma abin da yake cewa a fili yake: na duba katin nan, ban ga abin da zan ɗauka ba.

Na zare katin na duba. Gigabayit 64.

"Ɗana, ka yi masa fomatin?"

"A'a Kawu, sabo ne fil. Ina sa shi laftof ta gan shi."

Na ce to ga mai laifi, kuma na faɗa da ƙarfin gwiwa. Ƙa'idar ƙungiyar da ke tsara katunan SD ta ce duk katin da ya haura gigabayit 32 na ajin SDXC ne, kuma yana fitowa daga masana'anta da tsarin ajiyar fayil na exFAT. Sunan ya yi kama da FAT, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. ROM ɗinmu FAT12 da FAT16 da FAT32 kaɗai ya iya karantawa. Masu Raspberry Pi ma sun sha faɗawa wannan rami, don shi ma ba ya tashi daga exFAT.

Na ɗauko littafin da nake rubuta aikina a ciki, na buɗe shafin 2019. Yaron ya zauna gaban laftof ɗinsa ina karanta masa. A raba katin gida biyu da fdisk. Sashe na farko ya fara daga sekta ta 2048, girmansa megabayit 64. Sekta ita ce mudun da ake auna kati da shi, kowace bayit 512. A yi wa sashen farko fomatin da mkfs.vfat a matsayin FAT16, a zuba MLO da u-boot.img. Sashe na biyu ya ɗauki ragowar katin, a tsarin ext4 na Linux. Muka gama, muka mayar da kati, muka ba da wuta.

CCCCCCCC

Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Sai na koma sekta ta farko ta katin gaba ɗaya, wadda ake kira MBR. Daga bayit na 446 akwai layuka huɗu, kowane bayit 16, kowane layi yana bayanin sashe ɗaya, sannan sektar ta rufe da hatimin 55 AA. Bayit na farko a layi shi ne tuta: in 80 ne, sashen na tada na'ura ne. Na biyar yana faɗin irin tsarin da ke ciki. A katinmu tutar 00 ce, irin tsarin kuma 83, wato na Linux, domin haka fdisk ke rubutawa in ba ka ce masa komai ba. Layi biyu na tsallake wajen karantawa. Linux bai damu da waɗannan bayit ɗin ba, yana leƙa cikin sashen ne ya ga abin da ke nan, shi ya sa laftof ba ta yi ƙorafi ba. ROM kuwa kamar maigadin da aka ba takarda ne a bakin ƙofa, abin da ke rubuce shi yake bi. Muka ɗaga tutar zuwa 80, muka mai da irin tsarin 0E, lambar FAT16. Na riga na fara naɗe wayar caja don na tabbata an gama.

Harafin nan ya sake cika tagar.

Daga nan muka shiga 'yan gwaje-gwajen da kowa ke yi in dabara ta fara ƙarewa. Muka canza kati zuwa wani mai gigabayit 16 da ke cikin aljihun tebur. Muka canza cajar zuwa mai bolt 5 da na yarda da ita. Muka sake fomatin muka fara zuba MLO kafin komai, don tsoffin hannu a allunan wannan gida suna ba da wannan shawara. Muka auna fayilolin da sha256sum, na sabon kati da na tsoho suka fito daidai, ba bambancin bayit ko ɗaya. Duk a banza.

Akwai wani tarko da na fi zargi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa don ya kama mutane da yawa. A farkon kowane sashen FAT akwai wurin da ake rubuta sunan tsarin da haruffa, FAT16 ko FAT32. Mutum zai ɗauka da wannan rubutun ake gane shi. Takardar ƙa'idar FAT da Microsoft ya fitar a shekarar 2000 ta ce sam ba haka ba ne. FAT yana ɗaure sektoci dami-dami, kuma yawan dammunan shi kaɗai ke yanke hukunci: ƙasa da 4085 FAT12 ne, ƙasa da 65525 FAT16, daga nan sama FAT32. Saboda haka wanda ya yanki sashe mai megabayit 32 ya tilasta masa FAT32, zai ƙare da dammunan da ba su kai 65525 ba. Linux zai buɗe shi lafiya lau. Shirin da ke bin ƙa'ida sau da ƙafa kuwa zai ƙirga ya ce FAT16 ne, ya riƙa karanta teburin da ma'aunin bayit biyu-biyu maimakon huɗu-huɗu, ya ɓace tun a matakin farko. Na sa yaron ya ƙirga namu. Sekta huɗu a kowane dami, dammuna kimanin 32,700. Tsakiyar iyakar FAT16 sosai. Wannan tarkon bai kama mu ba.

Sha biyun dare ta gota. Na ce ya je ya kwanta a ɗakin baƙi, in Allah ya kai mu gobe ma ci gaba.

Abin da ya hana ni barci shi ne tsohon katin. Da gardamarsa da komai, in aka sa shi allon yana tashi. Ke nan a hannuna akwai kati mai aiki da kati marar aiki, fayilolinsu iri ɗaya, kuma tun daren ina ta zato maimakon in ajiye su gefe da gefe. Bayan asuba na tayar da yaron. Muka yi amfani da dd, shirin da ke kwafar kati bayit bayan bayit ba tare da ya san me ake nufi da fayil ba, muka ɗebi megabayit 65 na farkon tsohon katin muka shimfiɗa a kan sabon. Wannan ya haɗa da MBR da sararin da ke bayansa da sashen farko dukansa. Muka ba da wuta.

Layin U-Boot SPL, wato saƙon farko na MLO, ya bayyana, wani na bin sa, wani na bin wancan.

Yaron ya miƙe tsaye. "Shi ke nan Kawu, an gama!"

Na ce a'a. Abin da muka yi jingina ce. Ran da tsohon katin ya mutu gaba ɗaya, ko wani ya so haɗa irin wannan daga tushe, za a koma gidan jiya. Amma gwajin ya wanke mutane da yawa a lokaci guda. Sabon kati lafiyarsa ƙalau, allon da caja haka, fayilolin haka. Abu ɗaya na bincika kafin in yarda. ROM ɗin nan yana da wata hanyar ta daban: kafin ya nemi FAT, yakan leƙa wurare huɗu a farkon kati, a 0 da kilobayit 128 da 256 da 384, ko an ajiye masa shirin a tsirara ba cikin fayil ba. Da a ce na taɓa ajiye wani abu a can na manta, da kwafar ta ɗauko shi ta ruɗe mu. Muka duba. Ban da MBR, sifili ne zalla har zuwa sekta ta 2048. To bambancin yana cikin yadda aka yi fomatin ɗin sashen farko, ba wani wuri ba.

"Amma Kawu, ai umarni ɗaya muka buga. Daga littafinka ka karanta mini."

Gaskiyarsa. Na sake duba shafin ko na ga abin da na tsallake, sai idona ya sauka a kan wani rubutu da jan biro a gefen layin ext4: -O ^64bit,^metadata_csum. Jiya na karanta masa shi ya buga, ban ko yi tunani a kai ba. Yanzu na tuna dalilin da ya sa na rubuta. A 2016 shirin e2fsprogs, wanda ke gina ext4, ya fito da siga ta 1.43, ya fara kunna tsarin 64bit da kansa ko ba a nema ba. Wannan ya faɗaɗa bayanin kowane rukuni na faifai daga bayit 32 zuwa 64. Tsofaffin sigogin U-Boot suna taku 32-32 ne, sai su faɗa tsakiyar bayanin da ba shi suke nema ba, su kasa ɗauko Linux daga sashen da Linux ɗin kansa ke karantawa ba matsala. Na sha wuyar wannan a 2019, na rubuta maganin da jan biro. A wancan karon ma umarnin bai canza ba. Wanda ake ba umarnin ne ya canza hali.

Na ce ya ɗauko ɗaya katin ya sake buga umarnin fomatin, amma kada ya taɓa komai bayan haka. Shirin yana rubuta layi ɗaya tak in ya fara aiki, layin da muka gani ya fi sau goma a daren jiya ba wanda ya karanta:

mkfs.fat 4.2 (2021-01-31)

Janairun 2021. Ni kuwa a 2019 na yi tsohon katin. Ba yadda za a yi a ce wannan shirin ne ya yi shi. A lokacin siga ta 4.1 ce ake yayi, ta Janairun 2017, ita ce a Ubuntu 20.04 ma, sai a 22.04 aka samu 4.2, kuma ita ce a laftof ɗin yaron.

Yanzu mun san inda za mu haƙa. Muka buɗe sektar farko ta sashen FAT a katunan biyu da hexdump, tagogi biyu kusa da juna, muka bi layi-layi da bakin biro a jikin gilashin. Lambar shaidar sashen ta bambanta, wannan dole ne, kowane fomatin da tasa. Sai muka iso bayit na 32, inda ake rubuta jimillar sektocin da tsarin ya mamaye. A tsohon kati:

00 00 02 00

A sabon:

E0 FF 01 00

Ana rubuta irin waɗannan lambobin ne daga ƙaramin gefe, don haka sai an juya su. Na farko 131072. Na biyu 131040. Muka koma MBR na kowane kati muka karanta girman sashen a bayit na 458: duka biyun 131072. A tsohon katin, abin da MBR ya faɗa da abin da FAT ya faɗa sun zo daidai. A sabon, FAT ya gaza da sekta 32. Kilobayit 16 kacal a cikin megabayit 64.

Yaron ne ya gano ma'anar lambar. A wannan sektar akwai wani wuri, bayit na 24, inda sabon katin ya rubuta 63. Ya ɗauki wayarsa ya raba 131040 da 63, ta ba shi 2080 cif, ba saura. Ya raba 131072, ta bar saura 32. Ya juyo da wayar ya nuna mini ba tare da ya ce uffan ba.

Wannan 63 gadon zamanin faifai mai juyawa ne. A da ana gano wuri a faifai da lambobi uku: wane zobe, wace fuska, wace sekta a kan zoben. BIOS na kwamfutocin IBM ya ware wa lambar sekta gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 63, sai 63 ta zama al'ada. Katin memori ba shi da zobe, ba abin da ke juyawa a cikinsa, amma FAT ya girmi katin da shekaru masu yawa, kuma har yau gurbin yana nan sai an cike shi. DOS da shirin mtools suna sa ran jimillar sektoci ta rabu daidai da adadin sektocin zobe. Don a gamsar da su, masu kula da dosfstools, kunshin da mkfs.fat ke ciki, suka sa siga ta 4.2 ta riƙa rage jimillar zuwa lambar da ke rabuwa cif. Gyara ne mai hujja, kuma ƙa'idar FAT ba ta hana tsarin ya bar ɗan sarari a ƙarshen sashe ba. A ɗaya gefen, ROM ɗin AM335x yana tantance sashe kafin ya yarda da shi, kuma cikin abin da yake dubawa har da ko girman da FAT ya faɗa ya yi daidai da wanda MBR ya faɗa. Shi ma da hujjarsa: ɗan shiri ne da ba shi da wanda zai tambaya, in ya ɗauki shara ya zuba a furosesa ba mai ceton sa, don haka gara ya ƙi abin da yake shakka. Ni ban ga wanda zan ɗora wa laifi a cikinsu ba. Ɗaya an rufe shi a cikin silikon shekara goma kafin a haifi ɗayan, kuma ba zai taɓa jin labarin gyaran ba.

Hasashe dai hasashe ne sai an gwada. Na ce kada mu sake fomatin, don hakan zai canza abubuwa da yawa lokaci guda mu kasa sanin wanne ya yi aiki. Muka zuba MLO da u-boot.img a katin da ya ƙi, muka tabbatar har yanzu C yake bayarwa. Na lissafa ko teburin FAT ɗin yana da gurbin ƙarin dami takwas, na ga yana da shi. Sannan muka gyara bayit huɗun nan da hannu, E0 FF 01 00 ta koma 00 00 02 00, ba mu taɓa komai ba bayan su. Hannun yaron na ɗan rawa wajen tura katin cikin raminsa, sai da ya yi sau biyu kafin ya ji ƙarar kamawa.

U-Boot SPL.

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi."

Gyaran bayit da hannu na gwaji ne, ba abin da zan bar wa wani a littafi ba ne. Shirin mkfs.vfat yana da zaɓin -a, wanda ke hana shi wannan daidaitawar, ya bar tsarin ya cika sashen har bakinsa. Muka ɗauki katin gigabayit 64 ɗin da ya sayo da kuɗinsa, muka share shi tas, muka bi littafin daga layin farko: rabawa, tuta 80, iri 0E, fomatin da -a, jan rubutun ext4, sannan fayilolin. Kafin mu sa shi a allo muka duba bayit na 32, muka ga 00 00 02 00. Allon ya tashi, MLO ya miƙa wa U-Boot, U-Boot ya miƙa wa Linux, fitilu huɗun suka fara ƙiftawa, ta farkon tana bugawa biyu-biyu kamar zuciya.

Na miƙa masa jan biron. A gefen layin mkfs.vfat ya rubuta -a, a ƙarƙashinsa ya sa 4.2 da kwanan watan ranar, ya kuma ƙara wani layin da ban ce ya rubuta ba: a duba bayit na 32 da na 458. Ya naɗe allon cikin ledarsa ya tafi kafin rana ta yi zafi. Wajen la'asar ya kira ni daga gindin tankin, ina jin ƙarar ruwa na zuba a bayansa, ya karanto mini ƙarfin batiran daga layin farko da allon ya rubuta a sabon katin.